Ɗan Ɗumin Inna

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, jikin Inna kuma da sauƙi. Ki gaishe min da mijinki, in har yanzu yana amsa gaisuwata.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. A nan tashar jirgin sama jannati ba a shiga da waya, wai tana tayar wa kayan hankali. Kin ji ni, na ce kaya. Baki ne ya saba. Doka ta ce yanzu mutane ne, kuma duk wanda shugabar aiki ta ji ya ce kaya, sai ta wanke shi tas a gaban jama'a.

Kin dai ji a rediyo kamar kowa. 'Yan ɗumin nan masu kama da dutse da muka yi shekaru muna sayar wa tsofaffi da masu jego don gasa jiki, masana sun tabbatar ba duwatsu ba ne. Suna ji, suna tunani, sun san nasu. Kamfanin da ya je waccan duniyar ta bayan taurari ya kafa tuta, ya raɗa mata suna Sabuwar Gona, ya rantse babu kowa a cikinta sai dutse, an rushe shi. Manyansa sun sake riga sun shiga kwamitin neman afuwa, har da ɗaukar hoto. Mu ƙananan dillalai aka ce mu zaɓa, ko gidan yari ko aikin mayar da su gida. Kin san yayanki, ban taɓa sayen tsada ga araha a gabana ba.

Wurin aikin wata doguwar rumfar kwano ce, tebura a jere, 'yan ɗumi a kai kamar burodi a gidan gashi. Abin da ba mu taɓa gaya wa mai saye ba shi ne biyu-biyu suke rayuwa, manne da juna, kuma in suna tare sanyi ƙalau suke. Sai an raba su suke yin zafi. Ɗumin nan kira ne, ɗaya yana neman ɗaya. Dillali yakan sayar da guda, ya ɓoye abokinsa a sito cikin garin, kusa yadda za su ji juna, nesa yadda ba za su haɗu ba. Aikina yanzu in ɗauki guda in yi ta bin layi da shi. Inda ya ƙona min hannu, nan abokinsa yake. In ajiye su gefe da gefe, su manne, su huce, a sa a akwati. Abin da na yi rabin rayuwata ina kwancewa, shi nake ƙullawa, ba ko la'ada.

Jirgin zai tashi ƙarshen wata mai zuwa. An ce in hanyar ta rufe, sai jikokinmu za su ga buɗewarta.

Af, na tuna. Na Inna yana nan dai? Ki ɗan duba min jikinsa, ko akwai wasu fararen layuka sirara kamar tsagewar kofi. Tambaya ce kawai.

Ki huta lafiya.
Yayanki.

*

Yaya,

Salamu alaikum. Takardarka ta iso, muna lafiya. Mijina ya ce yana amsawa, amma daga nesa.

Ni ka yi wa "af, na tuna"? A shagonka na girma. Na san in ka shigo kasuwa kana yaba takalmi, to hula ka zo saye.

Jikin Inna ba sauƙi. Ciwon ƙashin ya sauka har yatsu, ko cokali ba ta iya riƙewa. Likita ya sake magani ya sake, na ƙarshen amai kawai yake sa ta. Abin da ke sa ta yi shiru ta runtsa shi ne wannan ɗan ɗumin da ka kawo mata. Ta ɗinka masa riga da tsohon zanenta. Tana sa shi a ƙugu, ta mayar gwiwa, ta rungume shi a ƙirji. In na ɗauka zan gyara shimfiɗa, idonta na kansa har in mayar. Ranar nan ta ce shi ne ɗan da bai taɓa tafiya ya bar ta ba. Ban ce da kai take ba.

Na duba. Akwai layukan, farare, sun fi yawa ta gefe guda.

Yanzu ni ma ga tawa tambayar. Da motocin gwamnati suka kwashe sito-sito na garin nan, duk 'yan ɗumin unguwa sun haukace. Na mai wanki ya ƙona katifa, kwana kaɗan ya huce ya ruguje ya zama toka. Masu wayo suka yi maza suka miƙa nasu tun kafin haka. A duk layinmu babu wanda nasa ya rage sai Inna. Nata ko gezau. In gaskiya ne abin da ka rubuta, sai abokinsa na kusa yake yin zafi. To ina abokin nasa yake, Yaya?

In kuwa zagayen da kake yi na a karɓe mata shi ne, tun yanzu na ce albarka. Kai kana can kana wanke zunubinka a inuwar rumfa. Ni ce zan ji kukanta.

Wassalam.
Auta.

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Kifi na ganinka mai jar koma. Na koya miki ciniki, ga shi kin kama ni da hannu a aljihu.

Ki duba ƙarƙashin keken ɗinkinki. Shagon nan da na bar miki, a tsallaken titi daidai tagar Inna, kin taɓa tambayar kanki abin da ya sa simintin wurin bai taɓa sanyi ba? Kin sha ce min kyanwar maƙwabta ta ƙi barin gindin keken, kina kora tana dawowa. Akwai akwatin ƙarfe a binne a wurin. Ni na binne shi da hannuna kafin a yi daɓe. Ban sa shi a sito ba, don ba na son ɗumin mahaifiyata ya dogara da maigadin wani. Shi ya sa motocin gwamnati ba su same shi ba.

Tunda an buɗe buhu, bari ki ga har ƙasa. Lokacin da na je Gona ina saurayi, ba a san suna da amfani ba. Fili ne ja, iya ganinka, babu tsuntsu babu ciyawa, sai su kwance bibbiyu a ƙasa, muna taka su muna wucewa. Wata rana diga ta faɗa kan wasu ta raba su, sai ga zafi. Kamfani ya yi murna, ya loda rabi-rabi a jirgi, kafin a iso gida duk sun zama toka. Har an fara cewa harkar ta mutu. Ni ɗan wayo na lura cewa waɗanda muka jefar bayan tanti, ɗaya nan ɗaya can, sun yi watanni suna zafi. Na je na gaya wa manaja. Ya miƙo min hannu muka gaisa, ya ce a dinga kirana Mai Hannu. Na yi sati ina jin ƙamshin turarensa a tafina. Daga nan aka ba mu kurfi, ƙarfen tsaga dutse, da guduma. Akwai layi a tsakaninsu, nan ake ɗora bakin kurfin.

Kada ki ce ban sani ba. In ka ɗora kurfi, tun kafin ka buga, na gefe da na gefe duk sai su fara ɗumi. Dutse ba ya tsoron abin da bai same shi ba tukuna. Mun gani, muka ce yanayi ne. Abin da ya fi ci min rai, mu fa jikokin waɗanda aka taɓa zuwa ƙasarsu aka ce babu kowa a ciki ne. A makaranta har jarrabawa na ci a kan labarin. Da aka ba ni tawa tutar, ban ko yi tari ba.

Na Inna kuwa na fi kowa zalunci a kansu, don zaɓa na yi. Na bi fili na nemi waɗanda suka fi manne wa juna, saboda na san su za su fi zafi. Kyautar ɗa nagari ke nan.

Fararen layukan da kika gani alamar ƙarewa ce. Kira yana cin jikinsu. In ba a haɗa su ba, wata rana za ki ɗaga zanen ki tarar da toka, Inna ta rasa, su ma su rasa. Na san za ki ce wannan zancen 'yan kasuwa ne, saya yau gobe babu. Haka ne, na sha faɗarsa a kan ƙarya. Wannan karon gaskiya ce, sai dai ban san ranar ba. Zai iya kai shekara. Zai iya fin Inna daɗewa.

Ki fasa daɓen, ki haɗa su, ki ba direban motar tasha da ke zuwa garinku. Ban roƙe ki don Allah ya gani ya yaba min ba. To, ƙarya nake, har da wannan. Hannuwana sun mutu, Auta. Kofin shayi ba na jin zafinsa. Sai na ga bororo a tafina nake sanin na iso kan abokin wanda na ɗauko. Na haɗa na mutane da yawa, amma waɗannan biyun su ne nawa.

Ki karanta wa Inna, ko kada ki karanta, ke kika san gida.

Yayanki.

*

Zuwa ga Babba,

Ni ce mahaifiyarka. Maƙwabciyarmu mai allura ce take rubutawa, don ƙanwarka ta ce hannunta ba zai iya ba. Ina gaishe ka. Allah ya yi maka albarka, wannan ba na hana ka.

An karanta min takardarka har ƙarshe. Kana ta jan magana kamar za ka gaya min abin da ban sani ba. Na goyi 'ya'ya. Na san zafin zazzaɓi, na san zafin jikin yaron da ya yi kuka har muryarsa ta ƙare. Tun makon da ka kawo shi na gane wanne ne.

Inda ɗayan yake ma na sani. In ciwo ya taso min sosai, nakan juya shi ya fuskanci taga, wajen shago, sai ya ƙara zafi. Shekara da shekaru ina yi. Nakan ba shi haƙuri. Ina shafa shi ina cewa yi haƙuri ɗan mutane, ni ma ba a son raina ba. Amma ban sake shi ba, kuma ba zan ce maka na yi nadama ba. Wanda bai taɓa jin ƙashinsa na tsagewa daga ciki ba, ya ajiye wa'azinsa.

Kai ka ci moriyarsu da ƙuruciyarka, ka sa manyan riguna, aka kira ka Mai Hannu. Yanzu tsufa ya leƙo ka, kana son ka tuba, sai ka rasa abin da za ka tuba da shi sai ƙasusuwana.

Ba zan daɗe ba. Ku jira ni. In na tafi ku haɗa su, ku yi musu duk abin da kuka ga dama. In jirgi ya tashi ya bar su, su zauna a nan tare, ai mu ma ba inda muka so muke zaune ba.

Ka dinga cin abinci. An ce ka rame.

Mahaifiyarka.

*

Yaya,

Sallama. Ban san ta inda zan fara ba, don haka zan fara daga daɓe.

Tun da na karanta takardarka na kasa zama a kan keken. In na ɗora ƙafa a kan feda sai in ji kamar wuyan wani na taka. Na ɓata rigar mutane har biyu. Shekaranjiya da safe na ce wa mijina ya kawo diga. Ya ce gidanku kowa da irin haukansa, amma ya fasa daɓen. Akwatin na nan yadda ka ce, murfin ya yi baƙi. Da muka buɗe, shi ma duk fararen layuka ne, ta gefen da ke kallon gida.

Wallahi ban yi niyyar saɓa wa Inna ba. Cewa na yi in kai shi su ga juna, kamar yadda ake kai mutum dubiya, ya ɗan zauna a bakin gado, a mayar da shi. Na ce ko layukan za su tsaya in sun san kowa na raye. Titi ɗaya ne fa, Yaya. Na naɗe shi a tawul biyu na rungumo. Kafin in kai tsakiyar titi tawul ya fara hayaƙi, mai gyaran babur yana min ihu wai kayana sun kama wuta.

Da na shiga ɗakin, Inna ta riga ta ture nata gefe don ya fi ƙarfin fatarta. Ta dube ni ta ce, "Kada ki yi, Auta." Na ce gaisawa kawai za su yi. Na ajiye shi can ƙarshen gado wajen ƙafafunta, da tazara mai yawa.

Ba ka taɓa gaya min suna tafiya ba. A hankali, kamar katantanwa, kowanne ya nufo ɗan'uwansa, zanin gado yana ƙonewa a bayansu. Rigar da Inna ta ɗinka ta zama gawayi ta zube. Na kai hannu in ɗauke ɗaya, na kasa taɓawa. Muna kallo suka haɗu. Babu wata ƙara, ɗan sauti ne kamar an rufe murfin tukunya. Kafin mijina ya kawo ruwa ya zuba wa katifar, sun yi sanyi kamar randa.

Da azahar ciwon ya taso. Ban taɓa jin irin wannan muryar daga bakin mutum ba. Mun gwada ruwan zafi a gora, mun gwada bulo da aka gasa, mun gwada bargo mai lantarki. Ta ce duk fata suke ɗumamawa, nasa ne kawai ke shiga ƙashi. Mai allura ta yi mata har iyakar abin da aka yarda, ta fita tana share ido.

Jiya Inna ta kira ni, murya ƙasa-ƙasa, ta ce tsohon kurfinka yana cikin akwatin kayanka a saman kwaba. Ta ce ai na ji yadda ake yi, ɗan'uwana ya koya min a takarda. Mijina ya sauko da shi ya ajiye a kan tebur, ya ce shi dai ba zai buga ba, kuma ba zai hana ba. Kurfin yana gabana yanzu da nake rubutu.

Tambaya ɗaya zan yi maka, kuma in ka taɓa faɗar gaskiya a rayuwarka to yau ce ranarta. In aka sake raba su, za su yi zafi kamar da, ko sun gama?

Auta.

*

Auta,

Na karɓa, na karanta a tsaye. Ina gaishe ki da jinya.

Na zauna da biro na rubuta miki cewa sun gama, in aka raba su toka za su zama nan take. Jimla ce mai kyau, da kin yarda, da kin huta, da ni ma na samu abin da nake so. Na yaga takardar.

Za su yi zafi. Za su fi da. A kasuwa muna kiran irinsu mai sara biyu, kuma sai babban mutum muke fito wa da shi daga ƙarƙashin kantar shago. Wanda ya samu ya sake rasawa ya fi kira da ƙarfi. Zai riƙe Inna har iyakar kwananta, ina jin har ya yi saura.

Yau ce rana ta farko da na faɗi aibin cinikina da bakina alhali mai saye bai gani ba, kuma ban ji wani daɗi ba. Ba zan ce ki yi ba, ba zan ce ki bari ba. Na ɗora miki kayan da ni ya kamata in ɗauka, Inna ta faɗi gaskiya a kaina. Motar tasha ta ƙarshe za ta biyo ta garinku ranar Laraba. In ta zo babu komai, ba za ki taɓa jin magana daga bakina ba.

Ki ce wa Inna ina cin abinci.

Yayanki.

*

Yaya,

Sallama. Ga akwati nan wajen direba. Suna ciki, tare. Kurfinka ma yana ciki, ka jefar da shi inda ka ga dama.

Za ka ga tabo a kan layin da ke tsakaninsu. Nawa ne. Na ɗora, na buga sau ɗaya. Suka yi ɗumi a hannuna, Inna ta ji tun daga kan gado, ta sauke ajiyar zuciya ta ce Allah ya yi min albarka. Na ɗaga gudumar karo na biyu, hannuna ya ƙi saukowa. In an tambaye ka a can wa ya yi wannan, kada ka ce Kamfani.

Tun ranar ba ta yi min magana ba. In na kawo abinci sai ta juya fuska bango. Ta gaya wa mai allura cewa ɗa ɗaya gare ta, shi ma an sa shi a mota. Kukan bai tsaya ba, sai dai muryar ta ragu.

Ta bakin mai allura ta ce kada ka zo. Ni na ce ka zo. In jirgin ya tashi kada ka tsaya jiran su gode maka, ba za su yi ba. Abin da ya rage mana shi ne tausa, ni kuma hannuwana sun gaji. Ka taho da naka, matattun, mu gani ko akwai sauran ɗumi a cikinsu.

Sai ka iso.
Auta.